Furen Cindo da Ƙudan Zuma

Dalilin da ya sa furen jikin hula da riga bai yi kama da na gona ba, duk kusurwa-kusurwa ne, ku matso ku ji. Kai Ɗanlami, bar tsokanar ƙanwarka!

A da can an yi wani maɗinki, Cindo, gwanin surfani. In ya ɗinka fure, wallahi sai ka kai hanci ka shinshina. Da matarsa Tambai ta haifi 'ya mace, don murna ya cika majanyin goyo da furen kabewa, ruwan ɗorawa.

Wata rana da hantsi Tambai ta goya jaririyar ta fito tsakar gida shanya. Sai ji ta yi wuuu! Ƙudan zuma sun lulluɓe bayanta baƙi ƙirin. Ta sandare, don ta san in ta motsa sun harbi yarinyar.

"Malam," ta kira a hankali. "Malam, zo."

Cindo ya fito daga zaure, ya gani. Ya durƙusa a gaban sarkinsu. "Ranka ya daɗe, Sarkin Zuma, me jaririya ta yi muku?"

Sarkin Zuma ya ce, "Ita ba ruwanta, kai ne. Mun baro 'ya'yanmu a amya da yunwa, mun sha tafiya, muka zo muka tarar da zare! Yau sai mun huce."

"Na tuba. Na bar ɗinki har abada."

"Ka bari ka ci me? Yi furenka, amma yi shi yadda ko makahon cikinmu zai san ba na Allah ba ne."

Nan tsaye, a bayan matarsa, Cindo ya zaro allura. Ga zuma na yawo a kan yatsunsa, ga gumi na zuba, ya dinga warware gefen kowane fure yana mai da shi mai kusurwa. Wanda ya gyara, sai zuman kansa su tashi. Haka har na ƙarshe.

Tambai ta kwance goyo da sauri, ta duba wuya, ta duba kunne, ta duba tafin ƙafa. Ko ɗigo babu. 'Yar nema barcinta ma take sha! Tambai ta zube ƙasa tana hamdala, ga dariya ga hawaye.

Shi ya sa har yau maɗinki, komai gwanintarsa, sai ya karya wa furensa kusurwa, ku kuma kuke yawo da hulunanku ba abin da ya bi ku.