Dutsen da Ya Riƙe Muryar Gwamma

Tun zamanin da kudancin ƙasar nan yake kurmi baƙi ƙirin, giwa ke buɗe hanya mutum ya bi sawunta, aka yi wani maharbi wanda yau ba mai iya gaya maka sunansa na yanka. Ba mantawa aka yi ba, binne sunan aka yi da gangan. Mai-Ƙaho ake ce masa, saboda ƙahon gwanki da yake ratayawa a wuya. Maroƙa kuwa suna masa kirari da Dogo na Gwamma, mai kwana inda damisa ta tashi, wanda daji ya san takunsa.

Gwamma ita ce mahaifiyarsa, shi ne ɗanta na fari. Mace ce masaniyar saiwoyi da ganyaye, mai ƙarancin magana, mai kunya irin ta mutanen da. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa kama sunan da bakinta ba, kamar yadda al'ada ta tanada tsakanin uwa da ɗan fari. In ta zuba masa tuwo sai ta ce a gaya wa mutumin nan. In ya dawo da nama sai ta kau da kai, ta sa albarka tana kallon bango. Kowa ya san tana ƙaunarsa. Amma ya girma yana jin yadda take kiran ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin yana ci masa rai, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Shekarar da mahara suka ƙone ƙauyensu, Mai-Ƙaho ya tattara waɗanda suka tsira ya nausa da su kudu. Suka yi ta tafiya har suka iso gindin wani baƙin dutse mai tsagi a tsakiya, da idon ruwa mai sanyi a ƙarƙashinsa. Jama'a suka faɗa wa ruwan. Shi kuwa ya tsaya yana duban ƙasa. Sawun dabbobi yana zuwa ruwa ya koma, babu ko ɗaya da ya nufi tsagin. Babu biri a kan dutsen, babu tsuntsu, ko ƙadangare babu. Da ya yi kuwwa don ya ji faɗin wurin, dutsen bai mayar masa da komai ba, sai ya haɗiye kuwwar kamar an jefa tsakuwa a rijiya mai zurfi. Hankalinsa bai kwanta ba. Amma akwai ruwa, dokin mahari kuma ba ya iya ratsa sarƙaƙiyar da ke kewaye, sai suka kafa bukkoki. Suka sa wa dutsen suna Kurum, garin kuma Gindin Kurum.

Wanda aka fara rasawa shi ne Tunau, mai ɗiban zuma. Wata rana ƙaninsa Ɗari ya ƙwala masa kira a bakin ruwan, aka watse ba wanda ya sa abin a ransa. Bayan kwanaki, da tsakar rana, Ɗari yana gona, sai aka ji muryarsa tana fitowa daga tsagin tana kiran Tunau. Tunau ya zaci ƙaninsa ne ya faɗa ciki. Ya amsa, ya ruga, ya shige. Da yamma Ɗari ya dawo da fartanya a kafaɗa yana tambayar ina yayansa. Bayan Tunau aka rasa Dela mai tukwane, bayan ita wani tsoho da ko gani ba ya yi sosai.

Gwamma ce ta gano bakin zaren, don kullum tana bakin ruwan tana wanke saiwoyi, kunnenta a buɗe. Ta tara dattawa ta ce musu, "Dutsen nan ba kurma ba ne, ajiya yake yi. Duk sunan da aka kira a gabansa yana riƙe shi da muryar mai kiran. In ya ga dama ya mayar, wanda ya amsa kuwa ya tafi ke nan."

Daga ranar aka kafa doka: ba a kiran sunan kowa inda inuwar Kurum take kaiwa. Mai son wani ya tafa hannu, ko ya taka ya same shi. In taro ake so, Mai-Ƙaho ya busa ƙahonsa. Aka daina rasa mutane. Har ana zolayar maharbin cewa shi kam dutse ba shi da yadda zai yi da shi, tunda murya ɗaya ce zai bi ido rufe, ta mahaifiyarsa, ita kuwa ba ta san hanyar sunansa ba. Yakan yi dariya tare da su, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wata bazara ya harbi ɓauna, ta gudu da kibiya a jikinta. Ya bi jini har ya ɓace masa, ƙishirwa ta koro shi bakin ruwan. Ya ajiye baka, ya durƙusa yana sha. Ashe ɓaunar zagayowa ta yi, kamar yadda mai rauni take yi, ta fito daga ciyawa ta bayansa ta sunkuyar da kai. Gwamma tana kan gangare tana haƙar saiwa, ita kaɗai ta gani. Ta tafa hannu, ƙarar ruwa ta danne. Ta jefa dutse, bai kai ba. Ta ce "kai!" bai waiwaya ba, don bai taɓa tsammanin da shi take ba. Sai tsohuwar ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta, da dukan ƙarfinta.

Ya juyo kamar wanda kunama ta harba. Ya mirgina gefe, ƙahon ɓauna ya tsaga ƙasa inda yake durƙushe, ya zaro mashi ya gama da ita. Matan da suka taho ɗiban ruwa suka sandare. Ba wanda ya kalli ɓaunar, kowa dutsen yake kallo, dutsen kuwa shiru.

Gwamma ta sauko, ta tsaya gabansa, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na kira sau ɗaya, ba zan ƙara ba har in koma ga Mai ni," in ji ta. "Duk ranar da ka ji, ba ni ba ce. Kada ka amsa."

"Na ji, Inna."

Waɗanda suka ga fuskarsa sun ce murmushi yake yi kamar wanda aka yi wa babbar kyauta, kuma murmushin ya fi ɓaunar ba su tsoro.

Dutsen nan yana da haƙuri irin na mugu. Duk tsawon ran Gwamma bai ce uffan ba. Sai da aka kai ta makwancinta, aka share makoki, rannan rana ta take tsaka, muryarta ta fito daga tsagin, tar, da tsoron nan da ƙaunar nan da ta kira da su. Mai-Ƙaho yana zaune yana gyaran kibau. Bai amsa ba.

Garin ya tsaya masa. Da rana ta kusa tsaka mata sukan fito da turame su yi ta daka ko babu hatsi a ciki, makaɗa su kama ganga, shi kuma ya toshe kunnuwansa da kakin zuma. Aka daina sa wa jarirai sunansa, masu sunan aka sauya musu, don kada kiran ya ja wani. Dattawa suka roƙe shi ya ƙaura inda muryar ba ta kaiwa, ya ce in ya tafi wa zai tsare su daga mahara. Haka ya faɗa. Ni dai a ganina ba mahara ne suka riƙe shi ba, ba zai iya zama inda ba a jin ta ba ne. A haka ya zagaye garin da ganuwa, ya yanka gonaki, ya ga jikoki, kansa ya yi fari fat, kiran bai fasa ko rana ɗaya ba.

Rannan da rana ta kusa tsaka ya kira ƙaninsa Nomau, wanda shi ma ya tsufa, ya cire ƙahon ya rataya masa. Sannan ya zare kakin daga kunnuwansa ya ajiye a kan tabarma.

Nomau ya riƙe masa riga. "Yaya, ka san ba ita ba ce."

"Na sani," in ji shi. "Amma muryarta ce. Sau ɗaya uwata ta kira ni a duniya, kuma har yau ban amsa mata ba. Ka ce wa mata su ajiye taɓare."

Turame suka yi shiru. Tsohon ya taka a hankali, ba baka ba mashi, har bakin tsagin. Kiran ya fito. Duk garin ya ji lokacin da ya gyara murya ya ce, "Na'am, Inna," ya sunkuya ya shiga.

Tun daga ranar ba a ƙara jin Gwamma ba, ba a kuma ƙara rasa kowa ba. Abin da ake ji shi ne, in wani ya yi kuskure ya kira suna a gindin dutsen, sai muryar wani tsoho ta amsa daga ciki tun kafin mai sunan ya buɗe baki. Mutanen garin sun ce Mai-Ƙaho ne yake amsawa a madadin kowa, don kada a kai ga mai sunan.

Yau baƙi suna zuwa Gindin Kurum mota-mota, 'yan makaranta da 'yan birni masu ɗaukar hoto. Ana nuna musu ragowar ganuwa, su sha ruwan idon, su ga ƙahon a hannun zuriyar Nomau, su kalli mata suna daka turmi ba hatsi da tsakar rana. In aka gaya musu dokar sai su yi dariya, kuma ba a rasa mai ƙarfin kai da zai ƙwala wa abokinsa kira don ya gwada. Galibi dariyar takan tsaya a nan. Sai dai tsofaffi sun ce a da ana jin amsar har bayan ganuwa, yanzu kuwa sai an kasa kunne sosai, kuma ta bana ta fi ta bara rauni. Tsohon yana gajiya. In ka zo da naka, ka riƙe hannunsa, ka kuma riƙe bakinka.