Kumbon da Muryar Mani Ke Ciki

Akwai wani matashi a garin Safana mai suna Yusha'u, yana da 'yar rumfar cajin waya a bakin tasha. Farantan sola biyu, tsohon batir ɗaya, da benci mai ƙafa uku da rabi, iyakar jarinsa ke nan. Amma in ka ga yadda samari ke cika rumfar, sai ka rantse shinkafa ake rabawa.

Ba caji kaɗai ke kawo su ba. Wani gem ne na waya da ake bugawa ta intanet, mai dogon sunan Turanci da ba wanda ya iya faɗinsa daidai, shi ya sa suka raɗa masa Kumbo-kumbo. A cikinsa kowa yana da kumbonsa, wato jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Ana haƙo ƙarfe a wasu duniyoyi, a gina tasha, a kare ta daga mahara. Mutanen ƙasashe barkatai ne ke bugawa lokaci ɗaya.

Yusha'u ne shugaban ƙungiyar 'yan Batsari da Safana. Su talatin ne da 'yan kai, tasharsu kuma sunanta Zaure. Wayoyinsu ƙanana, data sai an yi dabara, amma ba a taɓa cin Zaure da yaƙi ba, kuma sirrin bai wuce gayya ba. Yadda iyayensu ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya, haka su ma duk Juma'a bayan an sauko masallaci kowa zai shiga a haƙa wa mutum ɗaya ƙarfe, mako mai zuwa a koma kan wani. In mahara suka zo, kiran gayya ɗaya ya isa. Har Daniel na ƙauyen Tsaskiya, da ba ya zuwa masallacin, shi ke riga kowa zama a benci yana jiran su.

Shekarun nan ne da gonakin nesa suka gagari masu su saboda 'yan bindiga. Gayyar gaske ta mutu, ta waya ce ta rage musu.

A cikinsu akwai Mani, ɗan ƙauyen Babban Duhu, sarkin barkwanci. Kumbonsa ya fi na kowa muni, kore shar, ya sa masa suna Jakin Baba. A gem ɗin kowa na iya naɗar gaisuwa da muryarsa, duk wanda ya taɓa ƙofar kumbon sai ta fito. Wasu suka naɗi kirari da cika baki. Shi Mani cewa ya yi, "Salamu alaikum, Mani ne na Babban Duhu. A cire takalmi kafin a shigo, Inna ta yi shara." Sai dariyarsa ta biyo baya.

Da damina aka tare Mani a hanyar gona, bai dawo da rai ba. Wayarsa ta tafi da waɗanda suka kashe shi. Jakin Baba ya ci gaba da zama a Zaure, ba mai taɓa shi.

Mahaifiyarsa, Inna Baiwa, ta baro Babban Duhu ta dawo gidan ƙaninta a Safana. Ran da Yusha'u ya je yi mata ta'aziyya, sai ya ciro waya ya taɓa ƙofar kumbon. Tsohuwar ta zabura, ta riƙe hannunsa da wayar gaba ɗaya.

"Sake sa shi," in ji ta. Ya sake. Ta ce ya ƙara.

Tun daga nan duk Juma'a sai ta zo rumfar kafin a fara gayya. Ba ta san gem ba, ba ta san taurari ba. Cewa take, "Yusha'u, buɗe mini ɗakin Mani." Samari su yi tsit, ta saurara sau uku, ta ce, "Ja'irin yaro, yaushe ya taɓa cire nasa takalmin?" Ta goge ido ta tafi. A duk duniya babu inda muryar Mani ta rage sai a wannan kumbon.

Daniel ya sha cewa a naɗe muryar a wata waya a ajiye. Yusha'u ya ce, "Kumbon yana Zaure, ina za shi?" Wannan maganar ita ce har yau take cin sa.

Ana nan sai aka wayi gari babu sabis. An datse layukan waya a yankin gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. A dokar gem ɗin, shugaban da ya yi kwana goma sha huɗu bai shiga ba, tasharsa za ta buɗe kowa ya kwashi ganima. Yusha'u ya ƙirga kwanaki, hankalinsa ya tashi.

Mutum ɗaya ne a ƙungiyar yake inda ake da sabis: Sagiru, ɗan Batsari, wanda iyayensa suka yi hijira zuwa birnin Katsina. Aminin Yusha'u ne tun suna makarantar sakandare, gwani ne kuma a gem ɗin, ba wanda ya kai shi iya tuƙa kumbo. A kwana na goma Yusha'u ya rufe rumfa, ya shiga mota a wannan hanya mai hatsari, ya same shi a shagon da yake tsaro.

"Kiwo na kawo maka," in ji Yusha'u. "Ka san yadda ake ba mutum akuya ya riƙe, in ta haihu ya ci rabonsa. Duk ƙarfen da aka samu kafin mu dawo naka ne. Abu biyu kawai na roƙe ka: kada ka cire kowa, kuma kada ka taɓa kumbon Mani."

"Haba mutumina, ni za ka yi wa wannan gargaɗin? Da ni fa aka ɗauki gawar Mani."

Yusha'u ya miƙa masa shugabanci a take. Ya ce bari ya yi amfani da damar ya naɗi muryar a wayar Sagiru, sai ga ihun kwandasta, motar ƙarshe ta cika.

"Yi sauri kada ka kwana a nan," in ji Sagiru. "Ai ina nan. Muryar ba ta da ƙafa."

Yusha'u ya tafi da zuciya wasai. Ya gaya wa Inna Baiwa cewa ya kai ɗakin Mani kiwo wurin mai amana. Ta yi ta sa albarka, ta tambayi sunan yaron don ta riƙa sa shi a addu'a.

Kusan wata uku aka yi babu sabis. Ranar da ya dawo, wayoyin rumfar suka ɗauki ƙara lokaci ɗaya kamar 'yan tsaki, samari na ta tsalle. Yusha'u ya buɗe gem ɗin. Abin da ya fara gani shi ne saƙon cewa an cire shi daga ƙungiya. Daniel ya duba, shi ma haka. Duk wanda ke Batsari da Safana an watsar da shi. An canza wa Zaure suna zuwa wani na Turanci, ya cika da baƙin da ba su san su ba.

Yusha'u ya nemi Jakin Baba sama da ƙasa, babu shi. Ya kira Sagiru.

"Ina kumbon Mani?"

Sagiru ya yi 'yan kame-kame, sannan ya faɗi gaskiya. Wata babbar ƙungiya ta 'yan ƙasashen waje ce ta ga ƙwarewarsa, ta ce za ta karɓe shi in ya kori waɗanda ba sa shiga, ya kuma ɗaga darajar tashar. Ɗaga darajar na buƙatar wani ƙarfe da ba a samu sai a tsofaffin kumbuna, kuma shugaba na da ikon narka kumbon da mai shi ya daɗe bai shiga ba. Ya narka Jakin Baba tun a mako na uku.

"Da muryar?"

"Ta tafi da shi. Yusha'u, wasa ne fa. Kai ma ka san Mani ba ya cikin waya. Ku kun maida abu kamar kabari, ni kuma ga dama ta zo, sunana yanzu yana cikin ɗari na farko a duniya."

Yusha'u ya kashe wayar. Bai yi zagi ba, bai yi kuka ba, amma kwana biyu abinci bai wuce masa ba. Da a ce baƙo ne ya kai hari ya rushe Zaure, da ya haƙura. Abin da ya ƙona masa rai shi ne da ƙafarsa ya bi hanyar da ake sace mutane, ya kai amanar hannun wanda ya ci ta.

Ga kuma Inna Baiwa. Ta ji an ce waya ta dawo, Juma'ar farko sai ga ta. Ya kalle ta, ya ɓoye mata gaskiya. Ya ce sabis ɗin bai yi ƙarfi ba tukuna. Juma'a ta biyu ya ce ɗakin yana wurin mai kiwo. Ta ce ba komai, ta jira wata uku, mako ɗaya ba zai gagare ta ba.

A mako na uku sai ga Sagiru a rumfar, ya rame, yana ta sunkuyar da kai. Manyan abokan nasa sun gama kwashe ƙarfen tashar sun fice, sun kuma sa ranar Juma'a za su dawo su rushe ta. Ya yi kiran taimako a cikin gem ɗin, ko mutum ɗaya bai amsa ba, domin baƙin can ba su san gayya ba.

"Ka yafe mini, ka kira mini yaran. Zan maida kowa, zan maida sunan Zaure, shugabancin ma ka karɓi abinka."

"Ni ba ni da ta cewa," in ji Yusha'u. "Tashi mu je wurin mai kayan."

Suka tarar da Inna Baiwa a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Suka durƙusa suka gaishe ta, ta tambayi gida da hanya da mutanen birni. Da Yusha'u ya ce wannan ne Sagiru, sai fuskarta ta washe.

"Kai ne mai kiwon ɗakin ɗana? Marhabin, marhabin! Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kullum sai na ambaci sunanka." Ta miƙe da ƙyar ta shiga akurki, ta fito da zabuwa. "Tun ran da Yusha'u ya gaya mini nake kiwon wagga dominka. Ba a maido kiwo mai kiwo ya tahi hannu banza."

Ta ɗaure ƙafafun zabuwar ta ajiye a gabansa, ta gyara zama, ta karkato kunnenta mai ji.

"To, buɗe mini in ji shi."

Sagiru ya kalli Yusha'u, Yusha'u ya kalli ƙasa. Ba wanda zai ɗauke masa wannan. Sagiru ya gaya mata cewa ɗakin babu shi, shi ya rushe shi da hannunsa, muryar kuma ba za ta dawo ba har abada.

Tsohuwar ta ɗago kai ta dube shi. Ta ce, "Mi aka ba ka?"

"Suna, Inna. Sunana ne ya hau sama a cikin wasan."

"Suna," ta maimaita. Ta jawo kwaryar gyaɗarta. "Waɗanda suka kashe shi ba su san shi ba. Kai ka san shi." Hawaye na zuba, hannunta na ci gaba da ɓara. "Ɗauki zabuwarka, na riga na yi niyya. Allah ya kiyaye hanya."

Sagiru ya fashe da kuka, ya ce ba zai iya ɗauka ba. Ta ce ba za ta kwana a gidanta ba. Haka ya fito rungume da ita, ya ratsa ta gaban rumfar, samari talatin na kallon sa.

Ranar Juma'a aka sauko masallaci, kowa ya zauna a benci da wayarsa. Yusha'u bai hana kowa ba, ya ma faɗa da bakinsa cewa mai son taimakon Sagiru ya je. Sagiru ya maida su cikin ƙungiyar, kiran gayyarsa ya shigo sau bakwai. Ba wanda ya taɓa shi, kafin la'asar tashar ta zama tarkace.

Inna Baiwa ba ta daina zuwa ba. Takan zauna a ƙarshen benci, Daniel ya kwaikwayi gaisuwar Mani iya ƙoƙarinsa. Takan saurara har ƙarshe, sannan ta girgiza kai ta ce, "Maganar ta yi, ɗan nan. Dariyar ce ba haka take ba."

Darasi: Amana ba ta da ƙarama. Abin da kake kira wasa, wataƙila shi ne abu na ƙarshe da ya rage wa wani a duniya. Kada ka sayar da mutanen da suka yi maka gayya don yabon waɗanda ba su san sunan garinku ba, domin ranar da za ka yi kira, ba za su amsa ba. Kuma in kana da muryar wani naka a waya, ka ajiye ta wuri biyu tun yau. Ku tura wannan labarin ga abokan wasanku, da duk wanda aka ba ajiya yake riƙe da ita.