Keken Ɗinkin Tsoho Lamar

Akwai wani bakaniken babura a garinmu Ridgecrest, cikin hamadar Kalifoniya, sunansa Lamar Tackett. Tsoho ne siriri mai farin gemu, ba ya magana sai ta kama. Ya fi shekara talatin a gareji ɗaya, kuma duk mai hawan babur ɗin daji a garin nan ya taɓa shan kofinsa mai ɗacin tsiya.

A bakin ƙofar garejin akwai baƙin allo, da alli rataye da zare. Duk wanda zai shiga daji sai ya tsaya ya rubuta sunansa, da inda ya nufa, da lokacin da zai dawo. Idan ya dawo ya goge da hannunsa.

Babu hukumar da ta ce a yi haka. Lamar ne ya kafa allon, tun shekarar da aka tsinci gawar wani amininsa kwana uku bayan ɓatansa, ga shi tsakaninsa da kwalta bai fi mil biyu ba.

A shekarun da nake ba ku labari, rajistar babur iri uku ce. Mai lamba yana hawa kwalta, yana shiga daji, duk shekara. Mai koriyar sitika daji kawai. Mai jar sitika kuwa, wato wanda hayaƙinsa ya wuce ƙa'ida, shi ma daji kawai, kuma a yankinmu daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta ba a yarda ya taka filin gwamnati ba.

Babur ɗin Lamar mai lamba ne. Yana da fitila, da madubi, da sigina, da hon, salansarsa kuma tun ta kamfani ba a taɓa ta ba. Idan ya tayar da shi, tik-tik-tik kawai za ka ji.

Sai kuma Brody Saldana, mai aikin walda, ɗan shekara talatin da ɗaya. Ya iya babur, wannan ko maƙiyinsa ba zai ƙwace masa ba. Abin da ya ɓata shi jin kai da baki.

Wata rana a ƙarshen Mayu ya faka a-kori-kurarsa a gaban garejin, da sabon babur ɗin tsere ɗaure a baya.

"Tsoho, fito ka ga babur!" in ji shi. "Ba irin keken ɗinkin nan naka ba."

Lamar ya fito yana goge hannu. Ya hau bayan motar, ya leƙa wuyan babur ɗin, ya bi lambobin da aka buga a jikin ƙarfen da yatsa. Da ya zo ta takwas sai ya tsaya.

"Uku ce," ya ce. "Jar sitika ke nan. Saura maka kwana shida, sai kuma Satumba."

"Ai abin da ya kawo ni ke nan. Ɗaura masa fitila da madubi in je a ba ni lamba."

"Ko fitilar filin ƙwallo ka ɗaura masa ba za su ba ka ba. Ba haske suke dubawa ba, hayaƙi ne."

"To ƙanen matata yana Arizona. In yi rajista da adireshinsa, kai kuma ka sa min hannu a takardar gyara."

"Ba da hannuna ba, samari."

"Shi ke nan, cire min ragar cikin salansa, ya samu ya yi numfashi."

"Ragar nan ita ke tare tartsatsi. Ka ga yadda ciyawa ta bushe bana? Ba zan cire ba."

Brody ya tuntsire da dariya, ya juya wajen mutanen da ke zaune suna shan kofi.

"Kun ji shi? A'a, a'a, a'a. Tsoho, kai da babur ɗinka duk tsoro ya cinye ku. Na rantse ko kakata ta fi shi ƙara idan tana minshari."

Wasu suka yi dariya. Lamar ya sauko daga motar a hankali saboda gwiwarsa.

Har Brody ya shiga mota sai ya leƙo ta taga.

"Wai hanyar tsohuwar mahaƙar nan ta bayan duwatsu, har yanzu ma'aikatan daji ba sa bi?"

"Ba sa bi," in ji Lamar. "Kowa ma ba ya bi. Ka ji abin da na ce? Kowa."

Brody ya ja mota ya tafi. Ragar kuwa da kansa ya cire ta a gida. Duk unguwa sai da ta sani saboda ƙara.

Yuni ya wuce yana zagaya babur a tsakar gida yana tsaki. Zuwa tsakiyar Yuli haƙurinsa ya ƙare.

Ranar wata Asabar da sassafe ya ɗora babur a mota. Ya ce wa matarsa Marisela zai je filin tsere na 'yan kasuwa, inda jar sitika ba laifi ba ce. Ƙarya yake yi.

Ya bi ta gaban garejin Lamar, ya ga allon, bai tsaya ba. Me zai rubuta? Ya rubuta inda zai je, ai ya kai ƙarar kansa ke nan. Wannan ita ce illar hawan sata da mutane ba sa lissafawa. Wanda yake ɓuya daga ma'aikatan daji, ya ɓuya daga masu cetonsa ma.

Ya ɓoye motar a bayan wasu manyan duwatsu. Ruwa jaka ɗaya ya goya, don a ransa awa biyu zai yi ya fito kafin rana ta ɗaga.

Wajen ƙarfe tara, yana tsaka da gudu, tayar gaba ta faɗa wani rami da ruwan bara ya zaizaye. Shi da babur suka gangara cikin kwazazzabo. Ƙafarsa ta dama ta karye a wuri biyu, jakar ruwan ta fashe a bayansa, waya kuma babu sabis ko ɗigo.

Duk wanda ya zauna a nan ya san ranar Yuli. Sitiyarin mota ma ba ya taɓuwa. Mutum ba ruwa ba inuwa, ba maganar kwanaki ake yi ba, maganar awanni ce.

Da sha biyu ta wuce bai dawo ba, Marisela ta kira filin tseren. Aka ce yau ba a gan shi ba. Ta kira abokan hawansa biyu, suka yi ta kame-kame, daga baya suka ce bari su duba wani wuri. Ba su faɗa mata ina ba, wai kada su tona masa asiri.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta iso garejin Lamar. Kafin ta yi magana sai da ta tsaya gaban allon ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Uku ne, babu na mijinta.

"Baba Lamar," ta ce, "Brody bai dawo ba. Na san abin da ya yi maka a gaban mutane. Amma ban san wajen wanda zan je ba."

"Da wane babur ya fita?"

"Sabon."

"Ruwa fa?"

"Jaka ɗaya."

Lamar ya ajiye sifanar hannunsa.

"Kira masu ceto yanzu. Ki ce musu hanyar tsohuwar mahaƙa, bayan duwatsu. Idan sun tambaye ki irin sitikarsa, faɗa musu gaskiya. Tara ba ta kashe mutum."

Ya ɗaure galan biyu na ruwa da wani tsohon tamfol a bayan babur. Ya ɗauki alli ya rubuta sunansa da inda ya nufa. Bai tsaya ɗora babur a mota ba, tunda mai lamba ne. Daga bakin gareji ya hau kwalta, daga kwalta ya faɗa daji.

A wajen motar Brody, Lamar ya tarar da abokan nan biyu, sun jiƙe sharkaf da gumi, baburansu na ta ruri.

"Tsoho, ba ya nan," in ji ɗaya da ƙarfi. "Sau biyu muna bin hanyar nan har mahaƙa."

"Me kuka ji?"

"Me?"

"Na ce me kuka ji?"

Suka kalli juna. Me kuwa za su ji, bayan ko maganar tsohon da ke gabansu ba sa ji?

"Ku kashe injinan nan," in ji Lamar. "Ku zauna a nan. Kada wanda ya tayar sai na kira."

Ya kama hanya a giya ta biyu, tik-tik-tik. Ya ɗan yi tafiya sai ya danna hon sau uku, ya kama kuloci, ya bar babur yana gangarawa, ya kasa kunne. Shiru. Ya ƙara gaba, ya sake.

Ya yi haka ya fi sau ashirin. Ni da na san gwiwar tsohon nan, na san abin da ya sha a ranar.

Can wajen wata kwana sai ya ji wani abu daga ƙasa, can nesa-nesa. Ƙwal. Shiru. Ƙwal.

Brody ne. Muryarsa ta daɗe da dushewa. Sifana ya zaro yana buga salansar babur ɗinsa, hannun ma da ƙyar yake ɗaguwa. Sau biyu abokansa suna wucewa ta samansa yana bugawa kamar zai mutu, ba su ji ba. Salansar da ya addabi unguwa da ita, iyakar amfanin da ta yi masa ke nan.

Lamar ya gangara da ja da gindi. Ya kafa masa tamfol, ya jiƙa masa wuya da ƙirji, ya riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Leɓen Brody duk ya tsage. Yana ta son ya yi magana.

"Yi shiru," in ji Lamar. "Yau dai ka bar baki ya huta."

Ya hau sama ya koma ya tura abokan kan tudu inda ake samun sabis, su kira masu ceto. Kafin ƙarfe biyar jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke Brody.

Likita ya gaya wa Marisela cewa da an ƙara awa ɗaya, da ba asibiti za a kawo shi ba. An sa masa ƙarfe a ƙafa. Takardar tara kuma ta same shi yana kwance, babu wanda ya yafe masa. Tsere dai ya ƙare masa har abada, har yau yana ɗingishi.

Bayan wata biyu Marisela ta sauke shi a gaban garejin, yana dogara sandar guragu. Cikin masu shan kofi kowa na jira ya ji abin da tsoho zai ce.

Lamar ya jawo masa kujera, ya zuba masa kofi.

Brody ya daɗe yana kallon babur ɗin da ke jingine a gefe.

"Tsoho," ya ce, "tayar min da keken ɗinkin nan."

Lamar ya tayar. Tik-tik-tik.

Brody ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin kofinsa.

"Na riga na ajiye sifanar," ya ce. "Na ce shi ke nan. Sai na ji wannan, na sake ɗauka."

Lamar ya kashe injin. Ya tsinke allin daga zarensa, ya karya shi biyu, ya sa rabi a aljihun rigar Brody.

"Idan ƙafar ta warke," ya ce, "ka fara da allo."

Darasi: Duk abin da sai ka ɓoye kafin ka aikata, ka sani ka ɓoye kanka ne har daga masu taimakonka. Kada ka raina mai bin ƙa'ida don ba ya hayaniya, wataƙila shi kaɗai zai ji ka ranar da muryarka ta dushe. Kana da ɗan'uwa mai hawan babur, ko mai fita ba ya faɗin inda za shi? Tura masa wannan ya karanta kafin fitarsa ta gaba.