Awon da Injiniya Ya Ƙi Hawa Sama Ya Yi

Akwai wani ma'aikaci a wata masana'antar niƙa dutse da kowa ke kira Injiniya. Aikinsa auna ƙurar da ke fita ta bututun hayaƙi. Ƙa'ida ita ce ya hau tsani har sama, ya zura siririn ƙarfe tsakiyar bututun, na'ura ta zuƙo iska ta bi ta farar takardar tacewa. Sannan ya auna nauyin takardar, ya duba girman ƙwayoyin ƙurar. Manyan, hanci na tare su. Ƙananan da ido ba ya gani, su ke wucewa har huhu.

To tsanin dogo ne, ga zafi. Sai Injiniya ya samo wa kansa sauƙi: wata kafa a ƙasa, gefen bututun, inda iska ba ta da ƙarfi. Can yake ɗaukar awonsa. Kullum takarda fes, kullum manaja na yaba masa.

Yayansa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, yana sashen ɗura buhu, daidai inda hayaƙin ke sauka. Wata rana lokacin cin abinci ya ce, "Ƙanena, anya awon nan naka daidai ne? In na yi kaki, toka-toka nake gani."

Injiniya ya yi dariya a gaban mutane. "Haba Yaya! Kai da buhu kawai ka sani? Bar wa masu ilimi aikinsu."

Yaya ya rufe kwanonsa, bai ƙara tayar da maganar ba.

Bayan shekara uku, Yaya ba ya iya taka matakala biyar sai ya tsaya yana haki. A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ce wa Injiniya, wanda ya raka shi, "Ƙura ce ta cinye huhun. Ba a auna iska a wajen aikinsa ne?"



Washegari Injiniya ya hau tsanin nan har ƙarshe. Minti goma kacal takardar ta yi, ta fito baƙi ƙirin. Da aka bincika, ashe matatar da ke tare ƙura a masana'antar ta daɗe da yagewa. Cikin kwana biyu aka sauya ta.

Injiniya ya koma asibiti ya durƙusa gaban gado yana kuka, ya faɗi komai. Yaya ya janye robar numfashi daga hancinsa da ƙyar.

"Kwana biyu?" ya ce. "Gyaran kwana biyu ne kawai?"

Matarsa ta mayar masa da robar, ta ce wa Injiniya, "Tashi ka ba shi wuri. Iska yake nema."

Darasi: Idan mai aikin ƙarfi ya ce maka jikinsa na jin wani abu, kada takardar makaranta ta toshe maka kunne. Aikin da ka yi wa ha'inci, jikin wani ne zai ɗauka, wataƙila na gidanku. Ku tura wa duk wanda lafiyar mutane ke hannunsa.