Zinaru da Gemun Babanta

Ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku. In na gama, hukunci naku ne.

A Rafin Dinya an yi wani maƙeri mai suna Barau, mutum mai gemu har ƙirji. 'Yarsa ɗaya, Zinaru, ta kai shekara bakwai ba ta taɓa cewa Baba ba. In an kira ta ba ta waiwayowa, in an aike ta sai ta tsaya tana kallo. A gida aka ce taurin kai ne, a makaranta aka tura ta bencin baya. Barau ba ya magana, amma abin yana cin ransa.

Wata rana tasar ƙarfe ta suɓuce wa Inna Tabawa, kakar yarinyar. Kaji suka watse, akuya ta zabura, Zinaru ko gezau. Tsohuwa ta ɗauki tasar, ta zagaya bayanta, ta sake ta da gangan. Shiru. Ta ce, "Daga yau kada wanda ya ƙara dukan jikata. Kunne ne." Ta kai ta asibiti aka tabbatar. Daga nan kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ofishin hedimasta, har ya gaji ya rubuta takarda aka turo malamar da ta san aikin.

Sunanta Malama Balaraba. Makarantu huɗu take zagayawa, tana koyar da yaran da karatun aji ba ya isar musu. Ta dawo da Zinaru gaba, inda za ta ga fuskar mai magana. Ba da alli ta fara ba. Sai da ta je gida ta ga yadda yarinyar ke nuna wa kakarta ruwa da tuwo, ta ɗora a kan wannan. Ta riƙa zuwa da kwando: ga cokali, ga alamarsa da hannu, ga rubutunsa. Wata biyu Zinaru tana ture kwandon, Malama tana tsince kayan. A na uku yarinya ta ɗaga ludayi da kanta tana tambayar sunansa. Kafin damina ta san ɗaruruwan alamu, har da ta uba: a shafa haɓa kamar mai jan gemu.

Ranar da ta koyi wannan, ta ruga maƙera, ta tsaya gaban Barau tana shafa haɓa tana dariya. Masu jiran gyaran fartanya suka fashe da dariya. Barau ya zaci ba'a take wa gemunsa, ya daka mata tsawa, ya nuna mata hanya. Ba ta ji tsawar ba, amma ta ga fuskar. Ta daina yin alamar. Malama ta aika masa sau uku ya zo ta koya masa, ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna gaban mace yana wasa da yatsu ba.

To, Barau yana da aboki, Ɗanlami mai shayi, wanda teburinsa ke bakin makaranta. Shi ya je wurin Malama ya koyi alamu ashirin. Da safe Barau ya zo ya ce, "Haɗa min shayi mai kauri." Ɗanlami ya ci gaba da fifita wuta.

"Kai, da kai nake!"

"Yau teburin nan ba ya ji, sarkin gemu. In kana so, ka tambaya da hannu."

"Ka haukace ne?"

"Tun tuni. Ga yadda ake cewa shayi."

Kwana biyu Barau yana fushi, a na uku kwaɗayi ya ci ƙarfinsa. Ya koyi shayi, ya koyi burodi, ya koyi na gode. Rannan Ɗanlami ya nuna shi, ya shafa haɓa.

Barau ya ce, "Kai ma?"

"Ni ma me? Baba ke nan. Abin da 'yarka ta zo ta faɗa maka."

Barau ya ajiye kofi bai sha ba. Ya tafi makaranta, ya tsaya a taga har Zinaru ta ɗago. Ya dafa ƙirjinsa, ya shafa gemu. Yarinya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗaga hannu a hankali ta shafa haɓarta. Yanzu in kun bi ta maƙera da la'asar, za ku tarar da su biyu suna hira, ita tana gyara masa yatsu.

Don godiya, Barau ya kwance karsanarsa guda ɗaya tilo, ya ce zai ba wanda ya haɗa shi da 'yarsa. Da ya fito da ita ƙofar gida sai ya tsaya riƙe da igiya, ya rasa inda zai nufa.

To, jama'a, tsakanin Inna Tabawa da ta gano, da Malama Balaraba da ta koyar, da Ɗanlami da ya lanƙwasa uban, ƙofar wa ya kamata a ɗaure karsanar nan?