Ɗan Yatsan Saja

Akwai wata tela da kowa ke kira Matar Saja, ko da yake Sajan ya tafi yaƙi bai dawo ba. Cikin sojojin unguwar, Kofur ne kaɗai ya dawo, yana ɗingishi. Shi kuwa ya ɗauki Saja tamkar yayansa.

Da aka kafa mutum-mutumin tunawa da mamatan a dandali, aka yaye ƙyallen, sai ga fuskar Kofur sak. Nan take zuciyar Matar Saja ta tafasa, ta juya kan Kofur.

"Namu suna ƙarƙashin ƙasa, kai kana sama kana shan iska! Ko kunya ba ka ji?"

"Matar Yaya, ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara ce min matar yaya! Da yayanka ne, da ka dawo da shi."

Ta hana matan unguwa amsa gaisuwarsa. Ya je shagonta, ta watsa masa ruwan guga. Ya goge fuska ya tafi.

Ran nan ta ari guduma da tsani, ta tara matan da suka rasa nasu. Ta rantse sai ta farfasa fuskar nan. Kofur na tsaye gefe, hula a hannu.

"Matso ka ga yadda za a yi maka kwalliya," in ji ta. Mata suka kwashe da dariya.

Ta hau tsanin. Tsanin ya girgiza, ta cafke hannun hagun mutum-mutumin. Sai ta daskare.

Ƙaramin yatsan a lanƙwashe yake, ya karkata waje. Haka na Saja ya koma tun ranar da kan kekenta na ɗinki ya faɗo masa, yana ɗauke da shi zuwa ɗakinsu na farko. Ta sha tsokanarsa da shi. Da shi yake riƙe nata yatsan in suna tafiya.

"Wa ya faɗa wa mai sassaƙa wannan?" in ji ta.

"Ni ne," in ji Kofur. "Ya ce sai mai rai ya tsaya masa zai iya fitar da fuska. Na ba shi aron tawa. Sauran sassan jikin duk na mamatan ne. Mama, dubi kunnen dama."

Wata tsohuwa ta ɗaga kai, ta ga tsagar kunnen autanta, ta zauna a ƙasa.

"Me ya hana ka faɗa?" in ji Matar Saja.

"Na zo. Ruwa na samu."

Matar Saja ta miƙa masa gudumar.

"Riƙe min tsanin, ƙanena. Ban gama ba."

Ta zare mayafinta, ta shiga goge ƙurar yatsan a hankali.

Darasi: Zafin rashi yana sa mu jefi wanda ke ɗauke da irin ciwonmu. Kafin ka ɗaga guduma, ka bar mutum ya ƙarasa maganarsa. Ku tura wa wanda har yau yake fushi da mai rai saboda mamaci.