Inna Tabawa da Tsutsar Lemo

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani ƙauye a kan dutse, mutane ba sa shuka gero sai sun ga malam-buɗe-littafi mai wutsiya biyu. Shi ke faɗa musu damina ta zauna. To, wata shekara sai shiru. Iri na cikin ƙwarya, hankalin kowa ya tashi.

Akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai bishiyar lemon tsami guda. Kullum tana gindinta tana duban hanyar Mai-wutsiya, tana tsince tsutsotsin ganye tana jefa wa kazarta. Har saura uku.

Ta kama ta fari. Tsutsa ta ce, "Inna, ganye biyu kawai zan ci."

Kaza ta ce, "Ɓarauniya ce, miƙo ta nan!"

Inna ta jefa, Kaza ta haɗiye.

Ta kama ta biyu. Ta ce, "Inna, ganye ɗaya."

Kaza ta ce, "Ƙanwar waccan ce, miƙo!"

Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kaza dai, kun san ta, cikinta ne alƙalinta.

Ta kama ta uku. Wannan ba ta roƙi komai ba, cewa ta yi, "Inna, wa kike jira?"

"Mai-wutsiya."

"Bar mini reshe ɗaya, kwana ashirin, za ki gan shi."

Sai Inna ta kife Kaza da kwando. Tsutsa ta cinye ganyen reshen tas, ta naɗe kanta, ta maƙale kamar busasshen ganye. Maƙwabta suka ce tsohuwa ta zautu.

Ran nan da hantsi, abin ya tsage. Sai ga Mai-wutsiya yana shanya fikafikai! Gari ya ɗau guɗa, aka fito da iri.

Ya dubi Inna ya ce, "Na cika alkawari. Ina 'yan'uwana biyu?"

Inna ta dubi kwando, ta dubi hannunta, ta fashe da kuka. Ni ma duk sanda na zo nan sai zuciyata ta karye.

Ya ce, "Zan haura duwatsu in nemo matar aure. In mun dawo, ki bar wa 'ya'yanmu reshe."

Shi ya sa har yau mutanen dutsen nan ba sa taɓa tsutsar reshe ɗaya a kowace bishiyar lemo. Abin da kake jira, duba da kyau, kada ya zama shi kake kashewa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu!